A duba jarrabawar kwamfuta da ake yi ma matasanmu wajen ɗaukar aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wagga jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, wato gwajin sanin kwamfuta da ake yi ma matasa in za a ɗauke su aiki ko istaj. Yanzu duk sanarwar neman ma'aikaci da ka ga an liƙa, ko ta sakatare ce ko ta mai kula da magaza ko ta masu anket na ƙungiyoyin agaji, sai ka tarar da layi guda a ƙasa cewa dole mutum ya iya aiki da kwamfuta kuma za a gwada shi. Ni sana'ata kenan, ina da ɗan shagon sezi, wato buga rubutu a kwamfuta, da koyar da anformatik a nan Maradi, yara na zuwa koyo su tahi jarrabawa su dawo su ba ni labari, wani lokaci ma akan kira ni in taya duba injinan ɗakin jarrabawa. Abin da na gani shi ne mafi yawan waɗannan gwaje-gwajen suna auna ko ka taɓa zama gaban irin injin da ke cikin ɗakin nan ne, da irin harshensa da irin kilabiyensa, wato allon maɓallan haruffa, aikin kanshi kuwa an bar shi a baya. Wanga ba adalci ba ne ga yaran, kuma shi ma mai ɗaukar aikin ana cutarsa, don yana sakin wanda ya iya ya riƙe wanda ya haddace.

Kar wani ya ce ina so a soke gwaji. A'a wallahi. Na san sarai dalilin da ya sa masu ɗaukar aiki sunka daina yarda da takarda. Akwai wuraren koyarwa da in ka biya kuɗin wata ukku za a ba ka atestasiyon mai hoto da tambari ko da rabin kwanakin ba ka zo ba, akwai kuma inda yara ke kewaye inji guda, ɗaya na taɓawa sauran na kallo, kuma dukansu za su hita da takarda iri ɗaya. Na sha ganin mai takarda wanda in ya rubuta wasiƙa ya adana ta bai san inda ta shiga ba, sai ya sake bugawa daga farko. To mai ma'aikata yana da gaskiya in ya ce zauna in gani. Maganar ita ce mi za a gani, kuma a wane irin hali.

Bari in fara da kilabiye, don shi ya fi kada yara kuma shi ne ba wanda ke maganarsa. Mu nan Maradi muna tsakanin kasuwa biyu. Injinan da ke birorin gwamnati da na ƙungiyoyi galibi masu tsarin Faransa ne, wanda layin haruffansa na sama ya fara da AZERTY, amma kwamfutocin hannu na gwanjo da ke shigowa ta Kano da Katsina, waɗanda su talaka ke iya saye, da yawansu tsarin Ingilishi ne mai QWERTY. Wanda bai taɓa aikin ba zai ce ai haruffa ne, duka ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Inda A take a QWERTY Q ce a AZERTY, inda W take Z ce, M ta bar layin ƙasa ta koma kusa da L, ka duba Hausa ka ga sau nawa A ke hitowa cikin layi guda. Ga kuma lambobi, a QWERTY ka taɓa 1 ta hito 1, a AZERTY sai ka danne Shift in ba haka ba & za ka gani, 2 ta ba ka é, ko ɗigon ƙarshen jimla ma sai da Shift. Alamar @ ta adireshin imel kuwa, wanda ya saba da Shift da 2 zai yi ta lalube alhali tana ƙarƙashin AltGr da 0. Wanda ya iya bugun rubutu da gaske ba ya kallon yatsunsa, hannun ne ya haddace, saboda haka wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi shan wuya in anka sauya mashi, mai tsintar haruffa da yatsa guda yana kallo shi bai ma ji bambancin sosai ba.

Akwai wata yarinya da ta yi aiki a shagona, ita ke buga ma ɗaliban jami'a memuwar ɗinsu, da teburori da jerin abin da ke ciki da lambar shafi, komi tsab, ba a taɓa maido mata aiki ba. Ta tahi gwajin sakatare a wata ma'aikata, anka ba su rubutu su kwafe cikin mintoci kaɗan ana ƙirga kalmomi da kurakurai. Injin da ta samu jikinsa QWERTY ne irin wanda ta saba, amma an saita Windows ɗin da tsarin Faransa, wato abin da ke rubuce a kan maɓallin daban abin da ke hitowa a allo daban, ko ta kalli hannunta ba zai taimake ta ba. Ta san yadda ake juyawa da Alt da Shift, ta gwada bai juya ba don tsari guda kaɗai ke ciki, ta ɗaga hannu mai tsaro ya ce kar ta taɓa komi ta ci gaba lokaci na tahiya. Ta faɗi. Na yarda ba wanda ya yi niyyar cutarta, sakaci ne, amma ita dai aikin ya wuce ta, kuma a takardar sakamako abin da anka rubuta shi ne ba ta iya sezi ba.

Excel, manhajar lissafi da tebur, ya fi wanga muni. Yaron da ya koya a injin Ingilishi ya san umarnin lissafi irin su SUM da IF da AVERAGE da VLOOKUP, ya zauna gaban na Faransanci ya buga SUM injin ya ƙi, don can SOMME ce, da SI, da MOYENNE, da RECHERCHEV. Ko ya tuna sunan ma bai tsira ba, don a tsarin Faransa abin da ke raba ɓangarorin lissafi waƙafi mai ɗigo ne, a na Ingilishi waƙafi ne zalla. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne lamba mai ɓurɓushi, in ka buga 12.5 a injin da ke jiran 12,5 ba zai ɗauke ta a matsayin lamba ba, zai bar ta can gefen hagu kamar rubutu, jimla ta tsallake ta shiru ba tare da wani gargaɗi ba, yaro ya miƙa aiki da jimlar da ba daidai ba. Mai gyara ya ce bai iya lissafi ba, alhali tunaninsa daidai yake tun daga farko har ƙarshe. Haka Word, in kana so rubutu ya yi kauri a na Ingilishi Ctrl da B ne, a na Faransanci Ctrl da G, wanda ya saba da na Faransanci ya danna Ctrl da G a na Ingilishi sai wani akwati na tsallakawa shafi ya buɗe mashi, ya ruɗe. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum mai basira ke sabawa da su cikin kwanaki kaɗan in ya kama aiki. Domi za a yanke mashi hukunci a kansu cikin rabin awa?

Ga kuma shekarun injin. Tun Office 2007 da anka sauya fuskar Word da Excel gaba ɗaya, kowane sabon hitowa sai an gusar da wani abu. A garin nan har gobe akwai shagunan da ke aiki da Windows 7 wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, mafi yawa suna kan Windows 10 wadda ita ma an tsaida tallafinta ranar 14 ga Oktoban 2025, ƙungiyoyi masu kuɗi kuma suna kan Windows 11 inda ko danna hannun dama na suri, wato linzamin kwamfuta, ya sauya, kwafi da liƙi sun koma ƴan hotuna ƙanana. Wasu yaran ma a manhajar WPS ta cikin salula sunka koyi rubutu da tebur. Ba a gaya ma kowa tun a sanarwa wane iri zai tarar.

Sai jarrabawar takarda, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Za a tara masu neman aikin karɓar kuɗi ko shigar da sunayen majinyata a ba su bik da takarda, a ce su faɗi bambancin RAM da ROM, su lissafa zamunan kwamfuta tun daga na farko, su faɗi okte nawa ke cikin kilo-okte, su ce suri na'urar shigarwa ce ko ta hitarwa. Ina da shekaru ina wanga aiki, ba wanda ya taɓa shigowa shagona da buƙatar da sanin ROM zai biya. Waɗannan tambayoyi na wanda zai gyara inji ne ko zai koyar a lakol. An fi son su ne don suna da sauƙin gyarawa kuma ba su buƙatar kuran ko inji, na gane, amma duk wanda ya samu tsohon kaye na darasi ya haddace daren jarrabawa zai ci, ko da bai taɓa riƙe suri ba. Wa ke ɗaukar tela da tambayarsa sunayen ƙarafan keken ɗinki? Yadi ake ba shi a ga riga.

Wasu manyan ƙungiyoyi sun bar takarda sun koma gwajin da inji ke gyarawa da kanshi, wanga ci gaba ne don ya rage son kai da sanayya, ba mai cewa ɗan wane ne. Amma shi ma da nashi ciwon. Da yawa daga irin waɗannan ba Word na gaske ke buɗe maka ba, hotonsa ne da anka tsara ya karɓi hanya ɗaya ko biyu. A ce maka kwafe wanga layi, kai ka saba Ctrl da C, shi kuma yana jiran ka bi ta jerin umarni na sama, ka danna abinka ya ce ka faɗi, ko ya ƙi motsi. A aikin gaske abu guda yana da hanya ukku ko huɗu kuma wanda ya ƙware shi ke bin gajeruwa. Na san akwai takardun da duniya ta sani, kamar ICDL da ta samo asali daga Turai, gidauniyarta na Dublin ta ƙasar Ailan tun 1997, reshenta na Afirka kuma yana Kigali, inda mafi yawan darussa ke da gwajin minti 45 kuma sai ka samu kashi 75 cikin 100 za ka ci. Abin da na yaba masu shi ne an buga manhajar a fili, kowa ya san abin da za a tambaye shi kafin ya biya kuɗinsa. Ko wanga kaɗai munka ɗauka mun rage rabin kukan. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan talaka, kuma an tsara ta ne da tunanin mutumin da ke zaune a biro mai wuta da intanet kullum.

Wani abin kuma da nake so a yi tunani a kai, a ɗakin jarrabawa an hana ka bincike, an hana ka buɗe taimako, an karɓe salula. Alhali ni da nake koyarwa, in na manta yadda ake wani lissafi a Excel bincikawa nake yi, kowa haka yake yi har injiniyoyi. Iya nemo amsa da sauri da gane wacce ce ta gaskiya cikin tarin shirme, wanga shi kanshi babban sani ne, watakila ma ya fi duk sauran amfani don injin zai sauya baɗi amma mai iya nema ba zai tsaya ba. Faransa da munka gaji tsarin karatunta ta riga ta bar tsohuwar hanya, sun ajiye tsoffin takardunsu na shaidar sanin kwamfuta, B2i da C2i, sun koma wani tsari mai suna Pix, mai fannoni 5 da ƙwarewa 16, inda tambayoyi da yawa ke tura ka ka tahi intanet ka nemo abu, ko ka buɗe fayil ka gyara shi da manhajar da ka ga dama ka dawo da amsa, kuma tambayoyin na ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon yadda kake amsawa. Ban ce mu kwaso nasu mu dasa ba, rezonmu ba zai ɗauka ba a wurare da yawa. Ina nuna cewa su da munka koya daga gare su sun gane sakamako ake dubawa, mu muna nan muna tambayar zamunan kwamfuta.

Malam Edita, in ana son a san aikin kwamfuta na yau da kullum a Maradi a zo a zauna shagon sezi yini guda a ga abin da mutane ke shigowa da shi. Wanga yana da takardu biyar da ya ɗauka da salula, ana so ya haɗa su fayil guda na PDF kuma kar nauyinsa ya wuce mega biyu don shafin da zai tura dosiye ba ya karɓar fiye da haka. Wancan an turo mashi takarda ta WhatsApp yana so ta koma kwamfuta a gyara a buga. Wata ta zo da kile ta USB da cutar kwamfuta ta shiga ta maida duk fayilolinta gajerun hanyoyi, tana kuka ta ɗauka aikin shekara ya tahi alhali ɓoye su kawai anka yi. Wani ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa kuma lambar da ya buɗe da ita ta ɓace tare da tsohon layi. Injin buga takarda ya ƙi, sai an duba layin jira an share abin da ya maƙale. Kuran ya ɗauke ana tsakiyar rubutu, wa ya san inda Word ke ajiye abin da ya ceto, wa ya saba danna Ctrl da S duk bayan ƴan layuka ba sai an ce mashi ba. Saƙo ya shigo cewa ka ci kyauta ko asusunka zai rufe ka aiko lambar sirri, wa zai gane ƙarya ce kafin ya zubar da kuɗin ma'aikata. Wanga shi ne aikin, shi ke cin lokacin ma'aikaci kullum, kuma ban taɓa jin an tambayi ko ɗaya daga ciki a jarrabawa ba. Amma za a tambayi yadda ake haɗa wasiƙa guda da jerin sunaye ɗari, abin da sakatare kaɗan ke yi sau ɗaya a shekara.

Sannan mu daina yi kamar salula ba kwamfuta ba ce. Ɗan kasuwar da ke tura kuɗi ta Nita ko Amana a wayarsa, ya ɗauki hoton kaya ya aika Kano ko Kwatano, ya riƙe lissafin bashi a waya, matar da ke sayar da turare da atamfa ta WhatsApp tana tura wurin da take ma mai kabu-kabu, waɗannan sun iya abin da wasu masu takarda ba su iya ba. Masu anket da ƙungiyoyi ke aikawa ƙauyukan Dakoro da Mayahi da Gidan Rumji, aikinsu duka a kan waya ko tablet yake da manhajar KoboCollect, su cika tambayoyi ba rezo, su ɗauki wurin da GPS, su adana caji, in sun dawo gari su tura. To mi ya kawo gwajin Word da PowerPoint wajen ɗaukarsu? A ba su tablet da fom a ce ga mutum nan yi mashi tambayoyi, cikin minti goma za a san wanda ya iya.

Maganar wa ya samu damar koyo ita ma tana nan. Ɗan da ubansa ke da kwamfuta a gida da fano na sola ba ɗaya yake da wanda sai ya tara kuɗin awa guda a sibar ba, kuma in ya biya rabin awar ta tahi wajen jiran shafi ya buɗe. Ƴan mata sun fi shiga wanga hali, don ba kowane gida ke barin ɗiya ta je ta zauna sibar cikin maza da marece ba. Yaron da ya yi lise a Tasawa ko Agye ko Madarunfa yana iya gamawa bai riƙe suri ba sai a darasin allo. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris na 2024, watannin nan duk wanda ke koyo a ƙaramin shago karatunsa ya tsaya cik ko ya koma awa ɗaya a rana da gurup. Gwaji ba zai gyara wanga rashin daidaito ba, na sani, kuma ba zan ce a ba mutum aikin da bai iya ba don tausayi. Amma gwajin da ya dogara da sauri da agogo kaɗai yana ninka shi, don sauri ɗan yawan zama gaban inji ne, fahimta kuwa ana iya samunta ko ga wanda zamansa kaɗan ne. Kuma kar a ɗauka mu kaɗai ne a baya, binciken da ƙungiyar OECD ta yi ma manya ƴan shekara 16 zuwa 65 a ƙasashe 33, galibinsu masu arziki, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ba su ma iya yin gwajin a kan kwamfuta ba, waɗanda sunka kai matakin ƙoli kuwa wajen kashi 5 ne cikin 100. Saboda haka a daina wulaƙanta wanda ya faɗi kamar wani daƙiƙi, musamman dattawan ma'aikata da sunka yi shekaru suna riƙe da rajista da hannu ba kuskure.

Shi kanshi ɗakin jarrabawar, injinan ba ɗaya ba ne. Wanga sabo, wancan sai ya yi minti biyu kafin ya buɗe Excel, wani surinsa na tsalle, wani maɓalli guda ya mutu. Wuta ta ɗauke, masu kwamfutar hannu su ci gaba, masu ta tebur aikinsu ya tahi, a tada gurup a ce kowa ya ci gaba agogo bai tsaya ba. Maƙwabtanmu da sunka fi mu nisa a wanga fanni ma abin na kama su. Hukumar JAMB ta Najeriya, wadda yaranmu da ke son karatu can ke zama jarrabawarta, ta maida komi kan kwamfuta tun 2015, kuma a 2025 shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya hito bainar jama'a ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380, anka sake masu zama. Ni wanga amsa laifin ya burge ni, don a wurinmu in inji ya cuce ka ba inda za ka kai kuka. Wani abin da sunka yi mai kyau kuma, da sunka ga yaran ƙauye na faɗuwa saboda suri ba saboda lissafi ko kimiyya ba, sai sunka tsara a iya amsa komi da maɓallai takwas, A B C D na zaɓi da sauran na gaba da baya da miƙawa. Sun raba abin da suke son aunawa da abin da ke tare hanya.

Harshe ma haka. Sau da yawa yaro ya iya abin amma Faransancin tambayar ne ya ɗaure shi, jimla mai tsawo da kalmomin da ba a faɗa a shago, in ka ce mashi da Hausa ja wanga layi ya koma tsakiya ka sa mashi kauri, kafin ka rufe baki ya yi. In aikin na rubuta wasiƙun Faransanci ne to a gwada Faransancinsa daban a ba shi makinsa daban. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, ban ga abin da zai hana mai tsaro ya bayyana umarni da Hausa ba in an nema. Kuma ga wani sani da ya kamata ya fara shiga gwaji yanzu, yadda ake samun ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a kwamfuta, sakatarori nawa ne a garin nan za su iya buga sanarwar Hausa da haruffanta daidai?

Na san abin da mai ma'aikata zai ce, ni birona AZERTY ne, Excel ɗina na Faransanci ne, wanda zan ɗauka a kansu zai yi aiki, to ina laifina. Gaskiya ne, kuma ga aikin sakatare da ake son sauri tun ranar farko ban ƙi a auna sauri ba. Abin da nake roƙo bai da tsada. A rubuta cikin sanarwa irin kilabiye da irin Office da harshensa da abubuwan da za a gwada, don mai nema ya je ya saba kafin ranar. A ba kowa kwata guda ya taɓa injin kafin a tada agogo, in maɓalli ya mutu a sauya mashi, in wuta ta ɗauke a tsaida lokaci ga kowa. A ɗauko aikin daga teburin wanda zai gada, in mai magaza ne a ba shi takardun shiga da hitar kaya na mako guda ya hitar da abin da ya rage, ta hanyar da ya ga dama, a duba ko lambar ta yi daidai kuma wani zai iya karanta teburin. A bar shi ya buɗe taimako ko ya bincika, a hana shi tambayar mutum kawai. Waɗanda ke tsara wanga gwaji su nemi shawarar malaman anformatik na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da masu shagunan sezi, muna nan cikin gari ba sai an ɗauko kowa daga Yamai ba.

Mu ma masu koyarwa da namu aikin, duk wanda ke karɓar kuɗin iyaye ya kamata ya sa yaro ya taɓa kilabiye iri biyu da Excel na harshe biyu kafin ya ba shi takarda, kuma hukuma ta riƙa leƙa wuraren da ke raba atestasiyon ta ga inji nawa ke aiki a ciki.

Abu na ƙarshe da nake roƙo, a riƙa adana fayil ɗin da kowane ɗan takara ya yi da lambar injin da ya zauna a kai har wata guda bayan sakamako, kuma wanda ya faɗi ya samu damar ganin makinsa da inda ya kuskure in ya nema. Ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakilinta na Maradi ya nemi izini ya shiga ɗakin irin wagga jarrabawa in an tashi yin wata, ya duba injinan ɗaya bayan ɗaya kafin a fara, ya rubuta abin da ya gani.

Na gode da filin da kunka ba ni. Wassalam.

Mai karanta ku kullum,
wani mai shagon sezi da koyar da kwamfuta,
unguwar Zariya, Maradi